Hure Mai Nono da Kofin Duniya

Da la'asar Inna Hure ta sauke ƙwaryar nononta a ƙofar shagon cajin waya na Zayyad, a Gummi, amma ko kallonta ba wanda ya yi. Samari sun cika shagon maƙil, ido a kan talabijin. Zayyad ya ce mata wasan ƙarshe ake bugawa na gasar duniya ta wasan harbi a kwamfuta, wadda ake yi shekara-shekara, mutum biyar-biyar.

Haushi ya sa ta leƙa. Duk shagon bayan masu jar riga yake, saboda wani gwaninsu da ke rugawa gaba shi kaɗai.

"Wanga ja'iri, mi ya raba shi da 'yan'uwanai?" in ji ta. "Masu shuɗi za su ci."

Aka bushe da dariya. Mas'ud makanike ya ce, "Inna, ko riƙon waya kin iya?"

Ta ja benci ta zauna. Masu shuɗi kuwa tare suke tafiya, kowa na tsaron bayan wani. Sau uku gwanin nan yana warewa, sau uku ana kayar da shi. Da masu shuɗi suka ɗaga kofi, Inna Hure ta rangaɗa guɗa, shagon ya kaure da tafi, har da Mas'ud.

"Inna, ya aka yi kika gane?" in ji Mas'ud.

"A ruga aka haife ni, ɗana. In garke za ya watse, tun daga nesa nika gani. To, ku miƙo kofunanku, nonona ya gaji da jira!"