Wata Takwas Na Jinya

Shekara goma sha tara Maman Biyu ta yi a wannan ƙasar waje da katin zama. Mijinta ya daɗe da zama ɗan ƙasa, tagwayenta mata kuma a nan aka haife su. Ita kaɗai ta rage. Sau biyu tana zana jarrabawar harshe ta neman zama 'yar ƙasa tana faɗuwa, sai ta ce ta haƙura, ai keken ɗinki ba ya tambayar fasfo. Yaran sukan tsokane ta da baƙuwar gidanmu, ta bi su da tsintsiya.

Da ciwon mahaifiyarta ya tsananta, ta rufe shagonta na gyaran tufafi ta tafi gida da niyyar mako shida. Jinya ta ja. Sai bayan wata takwas, da aka yi wa tsohuwar sutura, ta kamo hanya.

Da ta sauka a filin jirgi, jami'in shige da fice ya daɗe yana duban katin zamanta. Ya tambayi ranar da ta fita, ta faɗa. Ya kira wata jami'a, ita kuma ta ce ta biyo ta.

Ɗakin da aka kai ta ba taga, kujerunsa an ɗaure su da ƙasa. Aka karɓe wayarta. Ta san maigidan yana waje yana jira, bango biyu ko uku tsakaninsu, amma ba halin sanar da shi. Ta yi ta karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, tana haɗa farkon wata da ƙarshen wata.

Can aka samo tafinta ta waya, wani mai murya kamar ta dattijo. Ya bayyana mata cewa mai katin zama in ya wuce wata shida a waje, ana ɗauka ya bar zaman ke nan. Ɗan ƙasa kuwa ko shekara goma ya yi, ba mai tambayarsa. Jami'ar ta turo mata takarda da biro, ta ce in ta sa hannu cewa ta ajiye katin da kanta, magana ta ƙare, za ta bi jirgin yamma ta koma ƙasarsu.

Ta ɗauki biron. Ita dai burinta ta fita daga ɗakin nan.

"Malam, in na sa hannu, zan ga 'ya'yana?"

Tafintan ya ce, "Sai in an ba ki bizar ziyara, Yaya. Amma kina da damar ki ce alƙali kike so. Ba dole ba ne."

Ta ajiye biron. Ta zazzage jakarta a kan tebur, ta tsamo takardun asibitin tsohuwar da shaidar rasuwarta, duk sun cukurkuɗe da mayafi. Jami'ar ta kwashe su ta fita.

Awa biyar ta yi kafin a sake ta. Sun riƙe katin, suka ba ta wata takarda mai ranar zaman kotu. Da ta hango mijinta a bakin ƙofa, sai ta zauna a kan akwatinta.

Ƙarin wata huɗu shagon yana rufe, don takardar ba ta yarda ta yi aiki ba. Ko mai kawo wasiƙa ne ya taɓa ƙofa, sai ta tsinci kanta a banɗaki. Ta rame har zobe yana zamewa daga yatsanta. Ranar zaman, alƙalin bai yi minti ashirin ba ya ce a mayar mata da katinta, sai dai shekarun neman zama 'yar ƙasa za a fara ƙirga su daga farko.

Bayan shekara guda ƙaninta ya kira, zai aurar da 'yarsa ta fari. Ya ce ko mako ɗaya ne ta zo, ita ce uwa yanzu. Maigidan ya ce mako ɗaya ba laifi a doka, lauyan da ya tsaya mata a kotu ma ya ce haka. Ta saurare su duka, sannan ta kira ƙanin ta ce ya yafe mata, ba za ta iya ba.