Sunana a Bakin Inna

Har na kai shekara goma sha bakwai ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Ni ce 'yar fari, ita kuma Bafulatanar Kalgo ce ta gaske, kunyar ɗan fari kuwa ta riƙe ta da hannu biyu. In za ta kira ni sai ta ce "ke", in tana zancena da mutane ta ce "waccan". Ƙannena takan kira su har da kirari. Na san al'ada ce, amma sanin bai hana abin ci mini rai ba, ina so in ji ta ce Kubura ko da sau ɗaya.

A 1988, shekarata ta ƙarshe a makarantar kwana ta 'yan mata a Gwandu, Malam Bawa mai koya mana Hausa ya shirya mana wasan kwaikwayo don ranar iyaye. Labarin masoya biyu ne. Jirgi ya kife da yarinya, masunta suka tsamo ta da ranta, suka lulluɓe ta da farin zane don ta ji ɗumi, suka tafi neman taimako. Saurayin ya zo ya ga farin zane, ya ɗauka gawa ce, ya faɗa kogi. Ni ce yarinyar. Larai ƙawata ita ce saurayin, da babbar rigar aro da gemun gawayi.

Malam Bawa mutum ne mai faɗa, amma a kan wasa kawai. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Ƙarfin wasan ga, masu kallo sun san tana da rai, shi bai sani ba. Su ji kamar su tashi su hwaɗa mai, ba dama. Ke Kubura, ko kunama ta harbe ki, kar ki motsa."

Na aika wa Inna saƙo ta zo, ban sa rai ba. Ranar wasa da la'asar na leƙa ta bayan labule, na duba bencin iyaye kaf, babu ita. Ashe motar da ta shigo daga Kalgo ce ta lalace a hanya. Ko da ta iso, an wuce wurin da aka tsamo ni da rai. Duk ɗakin taron an san ƙarya nake kwance, ban da mutum biyu, saurayin cikin wasa da uwar da ta haife ni. Ita kuwa ba ta taɓa ganin wasan kwaikwayo ba, abin da ta gani kawai shi ne ɗiyarta a miƙe cikin farin zane, wani mai gemu na kuka a kanta yana salati.

Ina ƙarƙashin zanen na ji ƙwarya ta faɗi ta fashe. Sai na ji muryar da na fi sani a duniya.

"Kubura!"

Na ji takun gudu, benci na ƙara, mutane na cewa, "Hajiya, wasa ne!" Ba ta ji su ba.

"Kubura! Mi anka yi miki?"

Gaskiya zan faɗa, ba tsoron Malam Bawa ne ya hana ni motsi ba. Na yi lamo ne don ta sake faɗa. Allah ya yafe mini.

Ta ture Larai gefe, ta yaye zanen, ta kama fuskata da hannuwanta masu ƙamshin man shanu. A hankali ta ce, "Kubura, ɗiyata."

Na buɗe ido. Hawaye ya riga ya jiƙa mini kunnuwa.

Ɗakin ya ɗauki dariya da tafi. Saurayin bai samu damar faɗawa kogi ba, yana can zaune gemunsa ya dame da gumi. Malam Bawa ya dafe kai, wata uku na wahalarsa sun tafi a banza, amma na ga yana share ido da hularsa.

Inna ta dube ni, ta dubi jama'a, sannan ta gane. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Ke, tashi. Kin hwasa min hura."

Ta rayu shekara tara bayan wannan, ba ta ƙara kiran sunana ba, ni ma ban ƙara nema ba. Ranar da aka lulluɓe ta a Kalgo, na durƙusa kusa da kanta na kira ta sau uku, ina jira ko za ta buɗe ido.