Sa Hannun Baba a Kan Waya

Tun da Baba ya yi ritaya daga aikin akawu, ya rasa abin gyarawa sai maganar mutanen gida. Shi ya sa Auta, 'yarsa mai rubuta manhajar kwamfuta, ta samo masa abin yi. Wata manhaja ce ta kyauta, wadda kowa ke iya kawo gudummawarsa, ana neman mai mayar da ita Hausa. Baba ya ɗora tabarau a karan hanci, ya mamaye teburin falo, ya fassara ta kakaf.

Ranar aikawa, Auta ta miƙo masa wayarta.

"Baba, sai kun sa hannu kun mallaka wa masu manhajar haƙƙin fassarar kafin su karɓa."

"Na yi musu aiki kyauta, kuma in sallama musu shi?"

"Don kada wata rana wani cikinmu ya ce gadonsa ne, ya hana jama'a amfani da ita."

Baba ya ɗaga kai ya dubi hoton babban ɗansa a bango. "To, nan kam sun yi tunani. Kawo biro."

"Da yatsa ake yi, a kan gilashin."

Sa hannun Baba kuwa abin alfaharinsa ne, mai lanƙwasa da doguwar jela. Ya gyara zama, ya ja yatsa. Matarsa, Inna, ta leƙo ta kafaɗarsa.

"Malam, wannan ai kaza ce ta yi tono."

Ya goge, ya sake. Ya cire zobe. Ya sa aka kashe fanka, wai ita ke kaɗa masa hannu. Na ƙarshen ya fi duka muni, ko jelar ma ba ta fito ba.

"Matsa in gani," in ji Inna. Ta kai hannu za ta juyo wayar, babban yatsanta ya sauka kan "Aika".

Nan take saƙo ya shigo: an karɓa, an gode.

Baba ya sa Auta ta rubuta musu cewa ba haka hannunsa yake ba, a ba shi dama ya sake. Washegari suka amsa cewa wanda ya yi ya wadatar, kuma ko zai taimaka da fassara shafukan bayanin manhajar?

"Ba zan yi ba," in ji Baba.

Kafin azahar yana kan shafi na uku. Inna kuwa ya daina yi mata magana, sai da tabaransa ya ɓata, ya rasa wanda zai tambaya.