Ƙugun Wandon Baba

Shekara ashirin Auta tana yaƙi da tumbin mahaifinta, tumbin kuma yana cin nasara. Baba direban babbar mota ne. Ya yi ritaya, amma cikinsa bai yi ba. Tun yana ɗan hamsin likita ya faɗa masa a gabanta cewa ƙiba irin wannan ba zuciya kaɗai take wahalarwa ba, tana iya jawo ciwon mantuwa a tsufa. Baba ya yi godiya, ya tsaya a hanya ya sayi soyayyen nama. Auta kuwa maganar ta zauna mata daram, don ta ga yadda kakarta ta ƙare tana tambayar 'ya'yan cikinta sunayensu.

Auta tela ce, saboda haka ta fi yarda da tef ɗin awo a kan sikelin asibiti. Bayan rasuwar Mama, ita ke ajiye wa Baba abinci a kula kullum da safe kafin ta wuce shago, washegari ta tarar da kular a wanke tas.

Sai ga wandon Baba ya fara zamewa. Ta rage inci biyu. Wata na zagayowa ta ƙara rage biyu. Murna ta hana ta sukuni, har ta ɗauki hoton tef ɗin ta tura wa yayanta.

"Ka gani ko, Yaya? Abin da likita ya kasa, girkina ya yi."

"Allah ya ƙara basira," in ji Yaya. "Ni ma a sa ni a layi."

Babu wanda ya yi maganar kuliyoyin layin, da suka yi ƙiba har ba sa iya hawa katanga.

Ran da ta gama ragi na huɗu, wuta ta ɗauke a shago, sai ta ce bari ta kai masa wandon da rana tsaka. Ta tarar da shi a teburin falo, ya zuba abinci faranti biyu, ya rufe kowanne da wani farantin, ya harɗe hannu. Kuliyoyi uku na bakin ƙofa cikin natsuwa, irin ta masu sanin lokacin biyansu.

"Baba, ba ka ci ba?"

"Mamarki nake jira. Ta leƙa kasuwa, kin san halinta da surutu."

"In ba ta dawo ba fa?"

"Sai in zuba wa waɗannan. Yaushe na taɓa ci ba tare da ita ba?"

Auta ta dubi wandon da ke hannunta, da layin alli huɗu a ƙugunsa. Tsoro ya kama ta, kunya ta biyo baya. Wata huɗu ciwon da take gudu yana zaune a falon nan, ita kuma tana auna shi da tef tana tafi.

Ta ajiye wandon. Ta ja kujerar Mama ta zauna, ta buɗe farantin, ta ɗauki cokali.

Baba ya ɗago ya daɗe yana kallonta. Sannan ya jawo nasa farantin.

"Yau kin daɗe," ya ce. "Yunwa ta kusa kashe ni."