Ihun da Inna Ba Ta Yi Ba

Ƙanena Nurain ya dawo ƙauyenmu Tsaskiya hutun makaranta da wani kiɗan Turawa a wayarsa. Wai kiɗa! Kamar an zuba tsakuwa a injin niƙa, ga wani ƙato yana kurma ihu kamar ana yanka shi. Na rantse masa in ya ƙara kunna mana wannan haukan a gida, sai na jefa wayar a rijiya.

Ranar Laraba na dawo daga kai abinci gona, tun daga zaure na jiyo ƙarar. Na faɗa ciki a fusace ina ƙwala wa Nurain kira.

Inna na tarar. Mahaifiyarmu, wadda ko rediyo ba ta so, tana zaune a tabarma, ta manna wayar a kunne, idonta a rufe.

"Inna! Lafiyarki kuwa?"

Ko rage ƙarar ba ta yi ba. Ta ce, "Ranar da 'yan bindiga suka kashe yayanku a gona, gidan nan cike yake da mutane. Ɗan fari ne, kunya ta hana ni buɗe baki. Wannan bawan Allah ban san abin da aka yi masa ba, amma ihuna yake yi."