Har Zuwa Ɗaya da Ɗigo Uku

Babbar magudanar ruwa za a haƙa ta tsakiyar unguwa, kuma duk gidan da ya faɗo kan layi katafila ce za ta kwashe shi. Gidan su Auta na kan layin, can wajen ƙarshe. A ciki Baba yake kwance tun da ɓarin jikinsa ya shanye, a ɗakin da ya ɗora bulonsa da hannunsa. Ko zanin gado za a canza masa, in aka ɗaga shi sai hawaye, don bakin ya daina magana amma hankalin na nan garau.

Abin haushin, a kamfanin da ya ci kwangilar Auta take aiki. Ita ce mai rubuta wa kwamfuta umarni, a irin harshen nan da ke ɗaukar lambobi jeri guda, ba ɗaya-ɗaya ba. Zango-zango za a yi aikin. A kowane zango masu awo za su kafa turaka, tazarar mita ɗari-ɗari, kuma inda turken ƙarshe ya tsaya nan katafila za ta tsaya bana. Abin da ya rage sai zango na gaba, shi kuwa kowa ya san ba a sa masa rana. Jerin turakan nan ita za ta fitar.

Injiniya, shugabansu, mutum ne da bai iya zama ba, yana tafe yana ba da umarni. Da ya zo kan zangon unguwarsu, a tsaye ya faɗa, kofin shayi a hannu.

"Daga kilomita ɗaya har zuwa ɗaya da ɗigo uku."

Gidansu na tsakanin ɗigo biyu da ɗigo uku.

To, a harshen nan umarni biyu ne ke jera lambobi da tazara daidai. Ɗaya kana ba shi farko da ƙarshe da yawan lambobin da kake so, ya raba, ya dire a kan ƙarshen cif. Ɗayan kuwa farko da ƙarshe da tazara kake ba shi, kuma halinsa ne ba ya taka ƙarshen, yana isowa gab da shi zai ja birki. Auta ta daɗe tana kallon allon. Ta ce a ranta ai ba ƙarya za ta yi ba. In mutum ya raka ka har zuwa ƙofa, ya shiga ɗakin ne? Ta ɗauki na biyun, ta rubuta a mitoci, ta danna. Dubu, dubu da ɗari, dubu da ɗari biyu, ya tsaya. Sai da ta shiga banɗaki ta wanke fuska, don daɗi da tsoro sun haɗe mata wuri guda.

Ranar hutu ta je gida ta tarar Yaya, wanta mai sayar da taya, ya zo da kafinta za a fara cire kwano da ƙofofi, ya kuma samo ɗaki a gidan surukinsa inda za a kai Baba. Ta ja Inna gefe ta ce kada a taɓa ko ƙusa, bana ba za a iso su ba. Yaya ya ji, ya ce shi bai yarda da alkawarin da ke cikin kwamfuta ba, a kwashe, in ba a zo ba a mayar. Ta ce ya san irin wahalar da Baba zai sha a ɗaukar? Suka yi ta sa-in-sa har kafinta ya sulale ya tafi. Inna ce ta raba gardamar, ta ce da mai sayar da taya da mai aiki a cikin ofishin, wa ya fi sanin abin da ofishin zai yi? Yaya ya kaɗa kai ya fita, ko ruwa bai sha ba.

Maƙwabta suka yi ta kwashewa. Inna har igiya ta ara musu, tana yi musu jaje kamar wadda abin bai shafa ba. Layin ya koma kangwaye, gidansu kaɗai da labule a taga.

Ana gab da tura wa masu awo jerin, Injiniya ya leƙo ya ce na'urar masu awo kilomita take karantawa, a juya komai. Wannan har aiki ne? Ta raba kowace lamba ta cikin umarnin da dubu, ta sake dannawa. Zanguna birjik suka zubo, ta duba na sama ta ga lafiya lau, ta tura. Nasu zangon ba ta gangara ta duba ba. Ta riga ta gan shi da idonta, kuma ba ta son a wuce ta bayanta a gan ta tsaye a kansa.

Da hantsi, ranar da aka fara aikin, wayarta ta yi ƙara. Inna ce, muryarta ko a jikinta, sai rurin inji a bayanta. Ta ce wasu masu hular kwano sun zo sun kafa ƙarfe a bayan gida maimakon gaba, sun kuma shafa jan fenti a bango, da alama sun ɓata lissafi.

"Zo ki gaya musu, Auta. Na ce su jira ki."

Auta ta jawo layin umarnin shi kaɗai. Ɗaya, ɗaya da ɗigo uku, tazara ɗigo ɗaya. Lambobi huɗu suka fito, ta huɗun ɗaya da ɗigo uku.

Ba sai an yi mata bayani ba, ita ce ma ke jan kunnen sababbin ɗauka a kan wannan. Kwamfuta ba ta iya riƙe ɗaya bisa goma daidai, kullum da ɗan ɓurɓushi a ƙasa. Kafin umarnin ya jera, yakan lissafa lambobi nawa zai fitar, ya cire farko daga ƙarshe ya raba da tazara. A mitoci, amsar uku ce cif. A kilomita kuwa, ta buga ta gani: uku, ɗigo, sifiri goma sha biyar, sai wani shegen huɗu a wutsiya. Shi kuma umarnin ba ya yafe ɓurɓushi, ko yaya ya haura uku, huɗu ne. Kaico! Abin da ko ƙwayar yashi bai kai ba.

Ta ruga wajen Injiniya ta ce akwai kuskure a jerin, turke ɗaya ya ƙaru. Ya karɓi kwamfutar ya duba, ya ɗago yana mamaki. Ya ce wane kuskure, ba har ɗigo uku ya ce ba? Ga shi nan ɗigo uku. Har ya yaba mata, ya ce aikinta ba ya buƙatar a bi baya. Nan ta gane ba ta da abin kai ƙara. Na'urar ta yi abin da aka ce ne, ita ce ta so ta karkata. Ta ji ta tsani kanta, tsana mai nauyi, ta ɗauki jaka ta fita ba tare da neman izini ba.

Da ta isa an riga an rushe gidan da ke kafin nasu. Yaya ya zo, shi da wasu masu awo biyu sun fito da Baba a kan katifarsa sun ajiye a bakin titi, cikin rana, ba ko hula a kansa. Idonsa na kan ƙofar ɗakinsa, hawaye na gangara cikin kunnensa. Yaya ya juya ya koma ciki ya fito da murhu.

Inna na tsaye a bakin ƙofa, ta tokare hannu biyu a jikin ginin, mayafi ya zame. Tana ganin Auta fuskarta ta washe. Shugaban masu awo ya tako, dattijo ne mai sanyin murya, ya ce tun ɗazu tsohuwa ke cewa ɗiyarta na kamfani. Ya juyo mata da fuskar na'urarsa.

"Malama, ke kika turo mana jerin nan?"

"Ni ce."

"Akwai gyara a ciki?"

Ta girgiza kai. Dattijon ya sunkuyar da ido, ya ɗaga wa direban katafila hannu.

Inna kuwa amsar farko kaɗai ta ji, injin ya cinye sauran. Ta sauke hannuwanta daga ƙofar, ta gyara mayafi, ta waiwaya tana neman Yaya.

"Kun dai ji, ita ce. Kai, kama min mu mayar da babanku ciki, rana ta yi masa yawa."