Tabar Baba a Akwati Guda

Tun kafin Auta ta gama ɗaga murfin akwatin, ƙanshin na'a-na'a ya buge ta, gabanta ya yanke ya faɗi.

Tabar Baba ce a ciki, tabar lofen da ya ƙarar da rabin rayuwarsa yana haɗawa da hannunsa. A da kowace iri tana cikin kwalbarta mai murfin roba a ɗakinsa na sama: baƙa mai ƙanshin hayaƙin itace, ja mai zaƙi kamar zuma, sai mai na'a-na'a da yake ajiyewa can gefe ita kaɗai, wai mai tsegumi ce, duk wadda ta zauna kusa da ita sai ta kwashi halinta. Da ɓarin jikinsa ya shanye aka kwantar da shi asibiti, sai aka sauko da kayansa ƙasa, tunda shi da hawa bene sun yi sallama. Kwalaben sun yi nauyi. Auta ta juye tabar cikin ledoji, ta ƙulle bakunansu, ta cusa su a akwatin ƙarfe guda, da niyyar gobe ta mayar. Goben nan a bakin gadon asibiti ta ƙare, ita da makonnin da suka biyo bayanta.

Ga shi yau an sallamo shi. Likita ya hana shi shan taba, amma bai hana shi shinshinawa ba, kuma tun a mota ba abin da yake tambaya sai kwalabensa.

Ta kwance ledar baƙar, ta kai hanci. Na'a-na'a. Ta kwance ja. Ita ma haka.

"Ke kuma wa ya mutu?" in ji Yayanta daga bakin ƙofa, yana kaɗa makullin mota.

"Yaya, sun haɗu. Duk sun zama abu ɗaya."

Ya sunkuya ya shaƙa, ya ɗaga kafaɗa. "Ni dai taba nake ji. Kuma ke da tsoron tsiya, ba ki ji abin da likita ya ce ba? Ƙila ma ciwon ya tafi da hancin nasa. Juye masa a kwalba kawai, wa zai sani?"

"Don Allah rufa mana baki!"

Abin da take gudun tunawa ke nan. Ba wanda ya iya gaya wa Baba maganar hancin. In ya ji na'a-na'ar, ta ɓata masa aikin shekaru. In kuwa bai ji ba... Ta rasa wace addu'a za ta yi. Ta tuna tana ƙarama, yadda yakan rufe ido ya ce Mama ta shigo gida tun kafin a ji takunta, don ƙanshin gyalenta ya riga ta shigowa. Mutumin da da hanci yake gane duniya, in aka ƙwace masa shi, me aka bar masa?

"Auta!" Muryar Baba ta fito a karkace daga sabon ɗakinsa na ƙasa. "Kwalabena."

Ta juye tabar a kwalaben cikin sauri, ta goge gefensu da bakin mayafinta, ta jera a faranti. Suna ta karo da juna har ta isa gabansa.

Yana zaune a kujera kusa da taga, hannun hagu a yashe kan cinya kamar ba nasa ba. Ta durƙusa ta buɗe baƙar, ta riƙe masa. Ya lumshe ido ya ja numfashi. Ya sake ja. Auta ta kafe hancinsa da ido, tana jiran ya yamutsa fuska, tana roƙon ya yamutsa.

Fuskar ba ta motsa ba.

"Ba ni ja."

Ta ba shi. Ya shaƙa ita ma.

"Mai na'a-na'a fa?"

Wannan kam ko daga tsakar gida ana jin ta. Ya cusa hanci har cikin kwalbar, ya daɗe. Sannan ya ɗago. Ya kalli Yaya da ke raɓe a ƙofa, ya kalle ta, kuma ta san ya gane abin da suka ɓoye masa.

"Sai ka ce ruwa nake shaƙa," ya ce a hankali. Ya tura mata baƙar da yatsa. "Matso, uwata. Me kike ji?"

Yaya ya ƙifta mata ido. Kalma ɗaya ce, hayaƙi, da ta faɗe ta shi ke nan, ba mai kama ta har abada. 

"Na'a-na'a, Baba."

"A cikin baƙar?"

"A cikin dukkansu. A leda na zuba su, akwati guda."

"Leda!" Hannun dama ya daki kujera. "Leda, Auta? Ƙanshi ai ratsa leda yake kamar ba ta nan! Gidan nan ba mai hankali ko ɗaya? Kai kuma dogon banza, kana tsaye aka yi?"

"Ni mota nake gyarawa, Baba," in ji Yaya, ya sulale.

Tunda ya kwanta ba ta ji muryarsa ta cika ɗaki haka ba. Hawaye suka ɓalle mata, ta kasa tsayar da su.

"Kukan me? Tashi ki ɗauko tire mai tsabta. Ki baza baƙar a inuwa, kada rana ta taɓa ta. Kwalaben a wanke da ruwan zafi, ban da sabulu mai ƙanshi, robar murfin kuma a sake sabuwa. Ƙila ta saki na'a-na'ar, ƙila ta tafi ke nan." Yana haki ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ke za ki riƙa shinshina min. Abin da kika ji shi za ki faɗa, ko ba daɗi."

Ta baza tabar a gabansa, ta barbaza ta da yatsu yadda ya nuna mata. Can ta sunkuya ta shaƙa, shi kuwa ya zuba wa fuskarta ido.

"Har yanzu akwai, Baba."

"Da yawa?"

Ta sake shaƙa, ta daɗe. "Akwai hayaƙi a ƙarƙashi. Kaɗan."

"To," ya ce, ya gyara zama. "Juya ta."